Bishiyoyin filin maƙwabci sun sunkuyo kan gidana: wa zai biya kuɗin sarewa?

Abban Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don maganar nan ta hana ni barci tun ruwan shekaranjiya. A bayan gidana akwai fili da ba a gina ba, da bishiyoyi uku kusa da katangata. Biyu dalbejiya ne, ɗaya turare, dogo, ya ninka tsayin gidan. Turaren shi ne abin tsoro. Rabin kansa ya bushe, ɓawonsa na ɓarewa, gara ta hau gindinsa, kuma ya karkato daidai saitin ɗakin yara. Daren shekaranjiya wani reshe ya faɗo ya lotsa mini kwano biyu, sai da muka kwashe yaran muka koma falo da su. Mai filin ya rasu, Allah ya jiƙansa, filin yana hannun magada. Na kira babban ɗansa, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce: "Ai kai suka dama, ka sare kawai, mun bar maka itacen." Na kawo mai sara ya duba, kuɗin da ya faɗa ya kusa albashina na wata. To bishiya ba tawa ba, fili ba nawa ba. Ni ne zan biya?

Saurayin Zaure: Wa alaikumus salam. Yaya ai ya gama maka magana. Ya ce ka sare. Nemo yara biyu da gatari, yini ɗaya an gama. Me ya kawo mai inji da kuɗin albashi?

Mai Sara: Ɗan'uwa, don Allah kar ka sa a yi makoki a gidan mutum. Bishiyar da ta ninka tsayin gida, ta karkata wajen gidan, ba a kwantar da ita daga gindi. Inda ta karkata can za ta faɗi, ko mutum goma ne ke jan igiya. Hawa ake yi a sauke ta gunduwa-gunduwa daga sama, kowane reshe a ɗaure shi kafin a yanka, a zuro shi a hankali. Kuɗin hawan da igiyar ake biya, ba kuɗin zarto ba. Kuma busasshiyar bishiya ta fi ɗanya wuyar hawa, domin ba ka san reshen da zai riƙe ka ba.

Hajiya Mai Lambu: Ni dai kafin a kai ga wa zai biya, wa ya ce dole sai an sare duka ukun? Abban Tagwaye, laifin turare ka faɗa mana. Dalbejiyoyin me suka yi? Sannan ɓarewar ɓawo ba ciwo ba ne a jikin turare, haka Allah ya halicce shi, kowace shekara yana tuɓe riga. Kar a haɗa wannan cikin laifinsa.

Abban Tagwaye: Hajiya gaskiya ne. Dalbejiyoyin lafiyarsu ƙalau. Sai dai ganyensu na toshe mini indararo, duk damina sai na hau na kwashe, ga tsuntsaye na ɓata shanya. Kuma akwai tsaga a katangar baya kusa da ta tsakiyar. Na ce tunda za a kawo ma'aikata, a yi mai gaba ɗaya.

Hajiya Mai Lambu: To ka ga ni. Ashe ɗaya ce ta yi laifi, za a haɗa da 'yan'uwanta.

Barista: Hajiya ta taɓo inda maganar take. Ranka ya daɗe, tambayarka ba ɗaya ba ce, uku ce, kuma kowace da amsarta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gari zuwa gari, saboda haka ka duba ta inda kake. Amma akwai ginshiƙin da kusan ko'ina aka yarda da shi: bishiya ta mai ƙasar da gindinta yake ciki ce. Ba ta wanda inuwarta ke faɗa wa ba, ba ta wanda rassanta suka leƙa gidansa ba. Daga nan sai a raba.

Lafiyayyar bishiya da kawai ba ka son ta, don ganye ko tsuntsu ko ta tare maka haske, ba za ka tilasta wa mai ita ya sare ba. In ya yarda a sare don ya faranta maka, kai mai so kai za ka biya. Wannan shi ne matsayin dalbejiyoyinka, muddin ba a tabbatar su suka tsaga katangar ba.

Rassan da suka tsallako iyaka suka shigo sararin gidanka, a tsarin dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, kana da damar datse su daidai kan iyaka, ko da ba ka nemi izini ba. Tsohuwar magana ce, tun shari'ar Lemmon da Webb ta 1894. Sai dai ba za ka taka filinsa don yin aikin ba sai da yardarsa, ba za ka wuce iyaka ba, kuma abin da ka datse nasa ne. Kuɗin aikin kuwa yawanci daga aljihunka.

Ta uku ita ce bishiyar da ta zama haɗari. Wannan nauyin mai ita ne, da zarar ya sani ko ya kamata a ce ya sani. In an sanar da shi ya yi biris, ta faɗo ta yi ɓarna, sakaci ne, shi zai biya diyya. Turarenka a nan ya faɗo. Maganar "kai suka dama" ba hujja ba ce. Kamar mai kare ne ya ce wa wanda aka ciza ya sayo sarƙa.

Saurayin Zaure: Barista duk wannan a takarda ne. Mutumin da ke wani gari, ko ganin bishiyar bai yi ba, wa zai sa shi fitar da kuɗi? Ni da ni ne, in ba zan iya sarewa ba, rami zan tona ta gefena in datse saiwoyin, ko in zuba mata abin da zai busar da ita. Ta mutu a hankali, ba wanda ya sani.

Shugaban Zaure: Saurayi, a zauren nan ba a ba da shawarar yi wa dukiyar wani ɓarna a ɓoye. Na bar saƙon ne kawai don a amsa maka.

Mai Sara: Bari in amsa masa ta fannin aikina. Saiwoyin da ke gefen gida da na ɗaya gefen su ne turakun da ke riƙe da bishiyar. Ka datse manyan na gefe guda, ka cire mata ƙafa ɗaya. Iskar farkon damina ta zo, ina kake zaton za ta kwanta? Wadda aka sa wa guba kuma ba ɓacewa take yi ba, tsayawa take a bushe a kan gidanka tana jefo rassa ɗaya bayan ɗaya. Kai da kanka ka ƙera abin da kake gudu.

Barista: Kuma a ranar da ta faɗo, kai ne mai laifi, ba magada ba. A jihohi da dama na Amurka, wanda ya sare ko ya kashe bishiyar wani da gangan ana iya cin sa ninki uku na darajarta. Ko inda ba a ninkawa, ka mayar da kanka daga mai ƙara zuwa wanda ake ƙara.

Tsohon Magini: Ni tsagar katangar nan ce ta tsaya mini. Ɗana, kar ka yi saurin ɗora wa dalbejiya. Na yi shekaru ina gyaran katangu, rabin waɗanda aka ce saiwa ce ta fasa, da muka tona sai mu tarar harsashin ne bai yi zurfi ba, ko ruwan indararo ne ke zuba a gindin katangar yana cin ƙasa. Saiwa tana ɓarna ta hanya biyu. Akwai wadda take kauri a ƙarƙashin katanga ko daɓe ta ɗaga shi, wannan ido na gani. Akwai kuma wadda ba a gani: in ƙasar wurin laka ce, saiwoyi na zuƙe ruwan cikinta da rani, lakar ta tsuke, ginin ya zauna ta gefe guda. Irin wannan tsagar takan tafi a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ta buɗe da rani, ta ɗan rufe da damina. In ƙasarka yashi ce, da wuya wannan ya faru.

Abin da mutane ba su sani ba, sare babbar bishiya a ƙasar laka shi ma yana iya fasa gini. Ruwan da take sha ya daina fita, lakar ta kumbura a hankali ta turo harsashin sama, musamman in bishiyar ta girmi ginin. Na taɓa ganin gidan da aka sare bishiya don a ceci ɗaki ɗaya, bayan damina biyu ƙofofi suka daina rufuwa.

Ga abin da za ka yi, ba ya cin ko kwabo. Sami fensir ka ja layi a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata a jikin bango. Duk wata ka sake aunawa. Sannan ka tona ɗan rami a gindin katangar ta cikin gidanka, zurfin kamu biyu ko uku. Yawancin saiwoyin bishiya ba sa nisa ƙasa, a saman nan suke bazuwa, har su wuce inda inuwarta ta tsaya. In akwai saiwa za ka gan ta.

Abban Tagwaye: Baba Allah ya ƙara girma. Tsagar a miƙe take daga sama zuwa ƙasa, kuma gaskiya nan ne ruwan rufin ke sauka.

Tsohon Magini: To kar ka kai wannan ƙarar ko'ina tukuna, kada a kunyata ka.

Kawu Mai Gaskiya: Ku yi haƙuri zan kawo wata magana da ba za ta yi daɗi ba. Abban Tagwaye, lokacin da ka gina gidan, bishiyoyin suna nan ko babu?

Abban Tagwaye: Suna nan Kawu. Shekara takwas da na gina, lokacin ma manya ne.

Kawu Mai Gaskiya: To ai kai ka same su. Ka ga doguwar bishiya da idonka, ka kai ɗakin yara ƙarƙashinta, yanzu kuma ka ce marayu su biya. Mutumin nan da ya shuka su bai shuka don ya cuce ka ba, ba ka ma zo ba a lokacin. Ni a ganina ɗan ya yi maka adalci da ya ce ka sare ka ɗauki itacen. Wani cewa zai yi ba za a taɓa ba.

Maman Hanan: Kawu wannan magana fa? Kenan duk wanda ya riga shuka bishiya ya mallake filin maƙwabcinsa, ba za a yi gini ba sai ta mutu? A cikin filinsa ya yi gini, bai shiga na kowa ba.

Kawu Mai Gaskiya: Ban ce kar ya gina ba 'yata. Na ce wanda ya zaɓi kwana a bakin rafi ba ya kai ƙarar kwaɗi.

Barista: Kawu, karin maganar ta yi daɗi, kuma ta yi daidai a kan ganye da tsuntsaye. Wannan ya gani ya yarda. Amma shekara takwas da suka wuce turaren lafiyayye ne. Bai zaɓi kwana ƙarƙashin matacciyar bishiya ba, daga baya ta zama haka a hannun masu ita. Kuma a dokar Ingila an daɗe da yanke cewa "na riga ka zuwa" ba ya wanke mai cutarwa.

Akwai wata shari'a da nake son 'yan zaure su ji, don ta nuna abin da jan ƙafa ke jawowa. A Landan, wata bishiya ce a gefen titi, mallakar ƙaramar hukumar Westminster, saiwoyinta suka busar da lakar da ke ƙarƙashin wani rukunin gidaje mai suna Delaware Mansions, ginin ya tsage. Aka sanar da hukumar, ta ƙi sarewa. Da an sare a lokacin, gyaran bai fi fam dubu 14 ba. Da aka ƙi, sai da masu ginin suka ƙarfafa harsashin daga ƙasa, aikin ya ci sama da fam dubu 570. A 2001 kotun ƙoli ta ƙasar a wancan lokaci, wato ta Majalisar Dattawa, ta ce hukumar ce za ta biya. Abin da ya kama ta shi ne an sanar da ita, an ba ta dama, ba ta yi ba.

Saboda haka Abban Tagwaye, kiran waya bai isa ba. Gobe zai iya cewa bai tuna ba. Rubuta masa saƙo cikin ladabi, da hotuna masu kwanan wata: karkatar bishiyar, garar, reshen da ya faɗo, kwanon da ya lotse. Ka haɗa da bayanin wanda ya san bishiya ya duba. Ka ba shi wa'adi mai ma'ana. Daga ranar da ya karanta, ba zai ƙara cewa bai sani ba.

Almajirin Malamai: Allah ya saka wa Barista. A fiƙihu ma ƙa'idar a bayyane take: babu cuta babu cutarwa, kuma cuta gusar da ita ake yi. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Ibn Majah. Abu Dawud kuma ya kawo labarin Samura bin Jundub, wanda yake da dabino a cikin lambun wani Ba'ansare, yana shiga yana takura wa iyalin mutumin. Annabi (SAW) ya nemi ya sayar, ya ƙi. Ya nemi a musanya masa, ya ƙi. Ya nemi ya bayar kyauta a kan lada, ya ƙi. Sai aka ce masa shi mai cutarwa ne, aka ba Ba'ansaren izinin tumɓuke dabinon. Ku lura da jerin: sai da aka bi ta sulhu har sau uku kafin a kai ga tumɓukewa.

Ɗalibar Ilimi: Malam a gafarce ni, na ji malamai sun yi magana a kan isnadin wannan ruwayar ta Samura, cewa akwai yankewa a cikinsa.

Almajirin Malamai: Haka ne Malama, an yi maganar, na gode da tunatarwa. Hukuncin bai dogara da ita kaɗai ba, ƙa'idar gusar da cuta ta wadatar. Har ma kundin dokokin Daular Usmaniyya, Majalla, wanda aka kammala a 1876, ya rubuta mas'alar a sashe na 1196: in rassan bishiyar mutum suka shiga gidan maƙwabci ko lambunsa, ana sa mai ita ya janye su da ɗauri ko ya datse. Amma ba a sare bishiya don kawai inuwarta na cutar da shukar maƙwabci. Kun ga su ma sun raba tsakanin cuta ta haƙiƙa da abin da rai kawai ba ya so.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya taɓo. An ce filin na magada ne. An raba gadon? Akwai ƙananan yara a cikinsu? Domin in ba a raba ba, babban ɗa ba shi da ikon kyautar da itacen shi kaɗai, ba nasa ba ne shi ɗaya. Dogon turare katako ne, yana da daraja. Kar ka ɗauki abin da rabon maraya ke ciki a kan maganar waya.

Abban Tagwaye: Wallahi Malam ban yi wannan tunanin ba. Su bakwai ne, kuma na san akwai ƙanana biyu. Ba a raba ba.

Barista: Malam ya rufe ƙofar da na bari a buɗe. Ko a kotu, izinin mutum ɗaya cikin bakwai rauni gare shi. Ka sare yau, gobe ƙanwarsa ta zo ta ce wa ya ba ka. Nemi wanda aka wakilta a kan dukiyar, izinin kuma ya zama a rubuce.

Na Jamus: Ina ta karantawa ina murmushi, don inda nake zaune an rubuta wannan har da na bishiyar da ta hau kan iyaka. Dokar farar hula ta Jamus, sashe na 910, ta ce saiwar da ta shigo filinka kana iya datsewa in tana cutar da amfanin filin. Reshe kuwa sai ka ba mai shi wa'adi, in ya wuce bai yi ba sannan ka datse. Sashe na 923 kuma ya ce bishiyar da ke tsaye a kan iyaka, 'ya'yanta da itacenta rabi da rabi ne, kuɗin sarewa ma rabi da rabi. A Faransa kuwa sun sha bamban: sashe na 673 na tasu dokar farar hula bai yarda ka datse reshen maƙwabci da hannunka ba, sai dai ka tilasta masa ya datse, amma saiwa kana iya yankewa a kan iyaka. Kuma bishiyar da za ta wuce mita 2 a tsayi, sashe na 671 ya ce a shuka ta aƙalla mita 2 daga iyaka, sai in wurin yana da tasa ƙa'idar. Na kawo wannan ne don kar wani ya ɗauki abin da Barista ya faɗa na Ingila ya ɗauka ko'ina haka ne. Tsallaka iyaka ɗaya, abin da yake halal ya zama laifi.

Saurayin Zaure: Mutanen nan har bishiya sai da suka auna mata mita.

Na Jamus: Sun gaji da faɗan maƙwabta ne. Kuma a garuruwa da yawa ko taka ce ba ka sare babba sai da izinin hukuma. A Ingila ma akwai bishiyoyin da aka sa wa dokar kariya, taɓa su ba izini tara ce mai nauyi. Abban Tagwaye ya tambayi hukumar garinsu kafin a ɗora zarto.

Ɗan Inshora: In ɗan sa baki. Mutane na zaton in bishiyar maƙwabci ta faɗo musu, kai tsaye shi zai biya. Ba haka ba ne. Lafiyayyar bishiya da guguwa ta tumɓuke, ba laifin kowa ba ne, mai gida shi zai ɗauki asararsa, in yana da inshorar gida ita za ta gyara. Sai an nuna sakaci kafin nauyi ya koma kan mai bishiya, shi ya sa hotunan da Barista ya ce suke da muhimmanci. Kuma inshora ba ta biyan kuɗin sare bishiyar da ba ta faɗi ba tukuna, wannan kula da dukiya ne, na mai ita. Abu na ƙarshe: ku yi magana tun yanzu a kan wa zai ɗauki asara in mai sara ya kuskure ya jefa gungume a kan rufin. In kai ka ɗauko shi, magada za su ce ba ruwansu.

Mai Sara: Wannan gaskiya ne, kuma duk ma'aikacin da ya ji haushin tambayar kar ka ba shi aikin. Abban Tagwaye, je ka yi mini abu uku ka dawo. Ɗauki ƙotar gatari ko guduma ka bubbuga gindin, ka ji ko yana amsawa kamar ganga. Duba ko laimar kwaɗi ta fito a gindin ko a jikinsa, alamar ruɓa ce daga ciki. Sannan ka zagaya ɗaya gefen, wanda ya ba wa baya, ka duba ƙasa: ta ɗago? Ta tsage? Akwai wayar lantarki kusa?

Abban Tagwaye: Na je yanzu. Yana amsawa kamar ganga ta gefe ɗaya, har guduma ta nutsa a wani wuri, garin itace ya zubo. Ban ga laimar kwaɗi ba. Amma ƙasar bayan ta ɗago kamar kunya, akwai tsagar da hannuna ya shiga. Babu waya.

Mai Sara: To yaran nan kar su sake kwana a ɗakin nan, ko yau ko gobe. Saiwoyin sun fara saki. Wannan ba ta jiran a gama muhawara.

Maman Hanan: Innalillahi. Abban Tagwaye ka ji fa. Ni shawarata, in magada za su ja lokaci, ka samo izininsu a rubuce, ka biya a sauke ta, ka ajiye rasit, ku yi lissafi daga baya. Kuɗi ana nemo shi.

Kawu Mai Gaskiya: A nan kam ba ni da ja. Amma ina nan a kan bakana game da dalbejiyoyin.

Hajiya Mai Lambu: Kawu yau mun haɗu a layi ɗaya. Abban Tagwaye, ranar da aka sare su za ka san aikin da suke yi maka. Bangon da ke samun inuwa da yamma ba ɗaya yake da wanda rana ke duka ba. A rage musu rassa ta gefenka, ka sa raga a bakin indararo, shi ke nan.

Barista: Maman Hanan, shawararki ta yi, da sharaɗi ɗaya: a rubuta cewa biyan da zai yi rance ne a kan dukiyar, ba kyauta ba. In ba a rubuta ba, ranar lissafi za a ce ai shi ya ga dama.

Saurayin Zaure: Na janye maganar guba. Amma har yanzu ina ganin babban ɗan nan wayo ya so yi.

Almajirin Malamai: Wataƙila bai san girman abin ba ne. Wanda aka gaya wa a waya bai ga ƙasa ta ɗago ba.

Abban Tagwaye: 'Yan zaure na dawo da bayani, ku yi haƙuri da shirun kwana tara. Na tura hotunan da ɗan bidiyon inda guduma ke nutsewa. Washegari babban ɗan ya zo da kansa tare da ƙanin mahaifinsu, wanda ashe shi ne wakilin magadan. Dattijon ya sa hannu a tsagar ƙasar nan, bai ce komai ba sai "a kira mai saran." An sauke turaren ranar Asabar, tun safe har la'asar. Da aka zo gindin, tsakiyarsa rami ne, yaro zai iya zama a ciki. Sun biya daga kuɗin gadon, mai saran ya sayi gungumen saman da ba su ruɓe ba, aka cire daga ladansa. Kwanon da ya lotse na ce na yafe, tunda kafin ranar ban taɓa gaya musu komai ba.

Ana wata ga wata. Dattijon ya ce tunda an taru a duba iyaka, aka kira safiyo. Ashe magininmu ya ja katangata ciki da kusan rabin mita, dalbejiyar tsakiya rabin gindinta a filina yake. Shekara takwas ina tsine wa ganyenta, ashe da rabona a ciki. Mun rubuta ba mai sare ta sai da yardar ɗaya, rage rassan gefena kuma ni zan biya.

Hajiya Mai Lambu: Barka da samun bishiya, Alhaji. Sai a fara ba ta ruwa.

Tsohon Magini: Ramin da na ce ka tona fa?

Abban Tagwaye: Na tona Baba. Babu saiwa ko ɗaya. Harsashin ne ko kamu biyu bai kai ba.

Mai Sara: Alhamdu lillahi da aka sauke lafiya. Kututturen fa, an tone ko an bar shi? Turare yana sake tofowa daga gindi, kuma ruɓaɓɓen kututture mai gara a jikin katangarka, rufinka za su nufa in sun gama da shi. Tonewar aiki ne daban da kuɗinsa daban. Wa kuka rubuta zai biya wannan?

Abban Tagwaye: Kai. Yana nan. Wannan ba mu rubuta ba. Bari in kira dattijon.